Malam Ilyasu Mai Firam da Zanen Tekun Sista Rabi

Ina saman tsani a wani gida da ke arewacin Riyad, ina daidaita wani babban madubi a bango, wayata ta yi ƙara a aljihu. Ban ɗauka ba, domin hannuwana biyu suna riƙe da kayan mutane. Ta katse, aka sake bugowa. Da na sauko na duba sai na ga sunan Sista Rabi, ma'aikaciyar jinya a asibitin da aka kwantar da Malam Ilyasu a Al-Shumaisi. Tun kafin in amsa na san ba lafiya ba, saboda ba ta kiran mutum a lokacin aiki, saƙo take turowa.

"Bashir, kana ina?"

"Ina wurin aiki, Sista. Yaya jikin Malam?"

"Ka samu wuri ka zauna tukuna."

Na zauna a matakin tsanin na ƙasa. Ta ce, "Sai haƙuri. Baba Malam ya cika ɗazu bayan azahar. Ina tsaye a kansa. Bai sha wahala ba, kuma bakinsa bai rabu da kalmar shahada ba."

Ban san abin da na amsa mata ba. Na dai tuna mai gidan, wani dattijon Balarabe, ya shigo ya same ni a haka, ya tambaye ni ko lafiya, na ce masa babana ya rasu. Ba jini ya haɗa mu da Malam ba, amma ban ji na yi ƙarya ba. Dattijon ya kawo mini ruwa, ya ce in jingine madubin in tafi.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Ilyasu mutumin Haɗeja ne. Ya koyar da zane a makarantar sakandare kafin neman abinci ya fito da shi ƙasar nan yana matashi. Ya yi fiye da shekara talatin a wani ɗan shago a unguwar Gubaira, inda ake yin firam, ake yanka gilashi, ake gyara tsofaffin hotuna da madubai. A takarda shagon na kafil ɗinsa ne, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa, kamar yadda dokar ƙasa take, amma tun daga direbobi har likitocinmu ba wanda ya san shi da wani suna sai shagon Malam. Iyalinsa suna gida. Yakan je ya gan su idan an samu hutu, ya dawo da yaji da kuka da labarin yadda yara suka girma ba a gabansa ba.

Ni aikin gini ya kawo ni Riyad. Bayan na ji ciwo a baya na kasa ɗaukar kaya, sai na zama mutumin da yake jiran a sallame shi ya koma gida hannu wofi. A masallacin unguwa muka haɗu. Akwai wata kantar ajiye takalma a bakin ƙofa da ta karkace, na sa ɗan guntun kwali a ƙarƙashin ƙafarta ta tsaya daidai. Ban san ana kallona ba. Da muka fito ya tare ni, ya ce, "Mutum nawa suka wuce kantar nan yau? Kai kaɗai ta dama. Ka zo shago gobe." Shi ya yi ta zirga-zirga tsakanin kamfaninmu da kafil ɗinsa har aka mayar da iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, ƙarƙashin shagon. Bai taɓa tuna mini da wannan ba, ko a ranakun da muka saɓa.

Kuma muna saɓawa. Malam mutum ne mai nawa a aiki, mai kafiya, ba ya haƙuri da kusurwar da ba ta haɗu ba. Ya taɓa kwance firam ɗin da na wuni ina yi, a gaban mai kaya, saboda ɗan gibin da ko farce ba zai shiga ba. Na yi fushi ƙwarai. Bai ba ni haƙuri da baki ba, don ba ya iyawa. Washegari na tarar da burodi mai zafi da wake a kan teburina, shi kuma ya juya baya yana goge gilashi kamar bai san zancen ba. Haka yake ba da haƙuri har ya bar duniya.

Akwai wani abu da yake yi kowace yamma wanda da farko na ɗauka ɓata lokaci ne. Duk gutsattsarin gilashin da suka rage, sai ya naɗe su a kwali, ya ɗaure da kyau, sannan ya ɗauki alƙalami ya zana hannu da ɗigon jini a jikin kwalin kafin ya kai kwandon shara. Na ce masa ai rubuta "gilashi" ya isa. Ya ce, "Masu kwashe sharar nan daga ƙasashe daban-daban suke, ba kowa ke karanta Larabci ba. Amma kowa ya san hannunsa."

Sai dai idan ana so a san wane ne Malam Ilyasu, labarin zanen teku ya kamata a ji, domin a nan na ga iliminsa da tsoron Allahnsa sun haɗu a wuri ɗaya. A nan ne kuma muka san Sista Rabi.

Mijinta, Injiniya Kabiru, ya rasu ya bar ta da yara uku. Bayan ta fita takaba ta zo shago a motar haya da wani babban abu naɗe a bargo. Na taya direban muka shigo da shi. Da muka buɗe sai ga zanen teku na fentin mai, faɗinsa ya kai ƙyauren ɗaki idan an kwantar da shi. Igiyoyin ruwa ne masu duhu suna dukan duwatsu, can nesa ga jirgin ruwa irin na da, rana tana faɗuwa a bayan gajimare. Firam ɗin mai ruwan zinariya ne da ado na ganyaye. A kusurwar ƙasa akwai wani suna irin na Turawa da ba ya karantuwa sosai. Komai na jikinsa ya yi ja-ja, kamar abin da ya ga shekaru aru-aru.

Tana tsaye ta fara bayani. Malam ya ɗaga hannu. "Sista, zauna. Bashir, kawo shayi." Ƙa'idarsa ce wannan. Yakan ce da ni, "Kada ka gaya wa mutum darajar abinsa yana tsaye. Ba ka san abin da ya jingina a jikin abin ba."

Da ta natsu ta faɗi abin da ya kawo ta. Marigayin ya sayi zanen tun kafin aurensu, kuma ya sha gaya wa yayansa, Alhaji Mamman, wanda ke Gusau, cewa zanen nan ya fi motarsa tsada. Yanzu an zo rabon gado, Alhaji Mamman ne wakilin dangi, ya kuma tsaya a kan cewa akwai babbar dukiya rataye a bangon falonta da take neman ɓoyewa. Magana ta yi nisa har ta kai kunnen iyayenta. Ta ce, "Baba Malam, ni ban san komai a kan zane ba. Ina so a gaya mini gaskiyarsa, a ba kowa haƙƙinsa, in huta."

Malam ya matso kusa da zanen. Ya sa tabarau, ya ɗauko gilashin ƙara girma, ya bi fuskar zanen a hankali. Ya kira ni in leƙa. Ya nuna mini cewa babu ɗige-ɗigen da injin buga hoto ke bari, ga kuma tudun fenti inda aka ɗora kumfar ruwa da wuƙar zane. Ya ce, "Wannan hannu ne ya yi shi, ba inji ba. Fentin mai ne na gaske." Na ga fuskar Sista ta ɗan saki. Ya ce, "Ki dakata, ba mu gama ba. Bashir, juya shi. Gaban zane kwalliya ce, a bayansa ake jin gaskiya."

Muka kifa shi a kan tebur. Ya shafa ƙyallen da aka yi zanen a kai, ya ce na auduga ne irin wanda masaƙa ke fitarwa da yawa, har yanzu bai yi duhun tsufa ba. Ya nuna ƙarafunan da aka manne ƙyallen a jikin katako da su, irin na haɗa takardu amma manya, sun ɗan yi tsatsa. Ya ce masu zanen da can ƙananan ƙusoshi suke bugawa ɗaya bayan ɗaya. Katakon ma yankan inji ne, ko'ina daidai. Ya sa tsinin allura a wani lungu na firam ɗin, farin gari ya zubo. Ashe ganyayen ba sassaƙar itace ba ce, zubi ne aka yi aka shafe da ruwan zinariya. Sannan muka sake juya shi, ya jiƙa ɗan auduga da ruwan goge zane ya taɓa gefe ɗaya na sararin sama. Audugar ta fito ja, wurin ya yi haske. Ya shinshina, ya yi ɗan murmushi.

"Sista, kina turaren wuta a falon nan?"

"Kullum, Baba Malam."

"To, rabin tsufan nan naki ne."

Daga ƙarshe ya koma kan sunan. Ya daɗe a kansa. Ya ce bayan fenti ya bushe aka rubuta shi, kuma ba hannun mai zanen ba ne, domin wanda ya yi ruwan hannunsa sake yake, wanda ya rubuta sunan kuwa hannunsa ɗari-ɗari yake yi. Ya cire tabarau ya fuskance ta. Ya gaya mata zanen zai kai shekara arba'in zuwa hamsin, daga zamanin da aka fara gina manyan gidaje da otal-otal a ƙasar nan ake neman abin rufe bango. Irinsu da yawa ake yi a lokaci ɗaya, ana sayar da su a shagunan kujeru, kuma mutanen ƙasar nan sun fi son na teku saboda babu surar mutum ko dabba a ciki. Ya ce abu ne mai kyau na ado, akwai masu son irinsa, amma idan aka kai shi kasuwar gwanjo ba zai wuce kuɗin kujera ɗaya mai kyau ba.

Na ɗauka za ta yi ajiyar zuciya. Sai kawai ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka. Ta ce, "Baba Malam, kun gama da ni." Ashe Alhaji Mamman ya riga ya faɗa a gaban dangi cewa idan aka zo aka ce zanen ba shi da daraja, to ba shi ne wanda ƙaninsa ya saya ba, an sayar da na ainihi an kawo wani. Gaskiyar da ta zo nema ita ce za ta zama shaida a kanta.

Na kalli Malam. A raina na ce da ya ɗan sassauta maganar, ko ya ce bai tabbatar ba, a bar abin a rufe. Bai yi haka ba. Ya bar ta ta yi kukanta, sannan ya ce, "Ba zan ƙara masa daraja don in cece ki ba, domin akwai marayu a cikin maganar nan, kuma ƙarya ba za ta tsaya miki ba. Amma ki gaya mini, Injiniya yana tura wa yayansa hotuna?"

Ta ce kowace Sallah sai sun ɗauki hoto a falo ya tura gida.

"A gaban zanen?"

Ta ɗago kai. "A gabansa."

"To kada ki nuna mini na wayarki. Na wayar Alhaji nake so."

Kafin ranar da aka sa za a yi magana, Malam ya sa na ɗauki zanen a mota muka kai wa wani masanin kayan tarihi a cikin gari, wanda aikinsa ke nan. Na ce masa ai shi ma ya sani. Ya ce, "Na sani, amma ido ɗaya bai isa a dukiyar marayu ba." Mutumin ya duba, ya faɗi abin da Malam ya faɗa, bai ƙara ba bai rage ba.

Ranar da aka kira Gusau, bayan la'asar ne, Sista Rabi na zaune a gefe, ni ina riƙe da waya ana ganin juna. Alhaji Mamman ya fito fuska a ɗaure. Malam ya gaishe shi cikin girmamawa, ya yi masa ta'aziyyar ƙaninsa, sannan ya bi bayanin daki-daki kamar yadda ya yi a gabanmu, ina matso da wayar duk inda ya nuna. Alhaji ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Malam, na ji. Wannan da ke gabanku ba shi da daraja. Ni tambayata, ina na Kabiru?"

Malam ya ce, "Alhaji, ku samu wata wayar, ku buɗe mafi tsufan hoton Sallah da marigayi ya turo muku. Ni ban ga hoton ba. Ku ƙara girmansa, zan faɗi abin da ke nan, ku duba ko yana can."

Aka ɗan ɗauki lokaci ana nema. Da aka samu, Malam ya fara. Ya ce a kusurwar hagu ta ƙasa akwai ganye ɗaya na firam da ya guntule. Alhaji ya ce yana gani. Ya ce a saman jirgin, inda gajimare ya tsage, wuƙar mai zanen ta zame ta bar wani farin layi a lanƙwashe da bai kamata ya kasance a wurin ba. Alhaji ya matso da fuskarsa, ya ce yana nan. Ya ce babban dutsen dama yana da wani tabo mai shuɗi, inda fentin ruwa ya ɗiga a kai ba a goge ba. Wannan karon Alhaji ya gyaɗa kai. Malam ya ce, "Ana iya kwaikwayon zane, Alhaji, amma ba a kwaikwayon kuskure. Ko wanda ya yi shi ba zai iya maimaita zamewar hannunsa ba. Wannan shi ne zanen ƙaninku, bai taɓa barin bangon ba sai ranar da aka kawo mini."

Can Alhaji Mamman ya ce, da wata murya daban, "Amma shi da bakinsa ya ce mini ya fi motarsa."

"Ban san abin da ya biya ba, ban kuma san abin da yake nufi ba. Wataƙila haka aka gaya masa ya yarda, wataƙila zolayarku yake yi. Ya tafi da amsarsa. Abin da na sani shi ne baiwar Allahn nan ba ta taɓa muku komai ba, kuma an yi maganarta a gaban mutane."

Na ga dattijon ya sa hannun riga ya goge ido. Ya ce a ba ta wayar. Abin da ya faɗa bai da yawa. Ya ce, "Maman Hafsat, a yi haƙuri. A bar wa yara zanen babansu. Zan je wurin su Baba, iyayenki, da kaina." Ya kuwa je.

Bayan an kashe waya Sista Rabi ta daɗe tana kallon zanen. Ta ce, "Ke nan cutarsa aka yi, Baba Malam? Duk shekarun nan?" Malam ya kira ta kusa, ya nuna mata wani wuri a tsakiya, inda wata igiya ta ɗago haske ya ratsa ta ta zama kore. Ya ce, "Dubi nan. Ko'ina sauri mai zanen yake yi, ana jiransa. Amma da ya zo nan ya tsaya ya yi abin da ransa ke so. A ina Injiniya yake zama?" Ta ce kujerarsa tana fuskantar zanen, a nan yake shan shayi kowace safiya kafin ya fita. Malam ya ce, "To ya mori abinsa. Ba kowa ke samun haka daga abin da ya saya ba." Ya roƙe ta ta bar masa zanen ya wanke. Ya yi makonni yana binsa da auduga kaɗan-kaɗan, har tekun ya fito shuɗi da kore kamar ranar da aka yi shi. Tun daga lokacin ta riƙe shi uba, yaranta suna kiransa Kaka.

Daga baya na tambaye shi yadda aka yi ya san irin waɗannan zane haka. Ya ce farkon zuwansa ƙasar nan a irin wannan wurin ya yi aiki, wani dogon ɗaki a bayan shagon kujeru. Ana jera ƙyallaye a bango, wani ya bi ya yi sama, wani ya yi duwatsu, wani ya yi ruwa, a ƙarshe yaron mai shago ya bi da ɗan burushi yana sa sunayen da ya ga dama. Ya ce, "Ni ne na ruwa. Ni da ban san wani ruwa ba sai kogin garinmu. A jikin kalanda na koyi teku." Ya bar aikin ranar da ya ji mai shagon yana rantse wa wata tsohuwa cewa daga Turai aka kawo zanen, alhali shi ya san ranar da ya yi kumfar da hannunsa. Bai yi faɗa da kowa ba, ya nemi a sake shi, ya sha wahala kafin ya samu shagon firam.

Wata rana aiki ya kai mu gabashin ƙasar, bakin teku. Da muka sauke kaya na ce mu ɗan tsaya. Ya cire takalmi ya taka har inda ruwa ke taɓa ƙafa. Ranar babu iska, ruwan kwance yake, yara suna wasa a gefe. Ya daɗe a tsaye, hannuwansa a baya. Da ya dawo mota ya ce, "Bashir, ashe ba kullum yake fushi ba. Ni ban taɓa zana shi a kwance ba." Na ta da mota muka kama hanya.

A bana ya yanke shawarar komawa gida gaba ɗaya. Ya ce ƙafafunsa sun gaji da tsayuwa, kuma jikokinsa sun fara tambaya ko shi mutumin cikin waya ne. Ya gyara wani ɗaki a gidansa na Haɗeja, yana so ya tara yaran unguwa ya koya musu zane kyauta. Ya fara haɗa kaya a kwalaye, burusai da takardu da fentin da ya ce ba a samun irinsa a can. An fara shirya takardun fitarsa. Sai ciwon ƙirji ya kama shi wata safiya yana buɗe shago. Da na kai shi asibiti ya ce kada in gaya wa gida tukuna, kada a ta da hankalin matarsa Hajiya a kan abin da zai wuce. Na saɓa masa na gaya musu, kuma na gode Allah da na yi haka, domin sun yi magana da shi, ya sa wa kowa albarka da sunansa.

An yi masa salla bayan an kammala takardu, aka rufe shi a nan Riyad, ƙasar da ya ba ƙuruciyarsa. Ban taɓa sanin yana da jama'a haka ba. Direbobi sun ajiye motocinsu, ma'aikatan gini sun zo da kayan aikinsu a jiki, likitocinmu da injiniyoyi sun zo. Kafil ɗinsa, wanda da ƙyar yake tafiya da sanda, ya tsaya a rana har aka gama, yana cewa bai taɓa samun amini kamarsa ba. Akwai fuskokin da ban sani ba, na ƙasashen da ban iya yarensu ba, suka riƙe hannuna suna girgiza kai.

Da muka dawo daga maƙabarta babbar 'yarsa, Hauwa, ta kira ni daga Haɗeja. Ina jin hayaniyar masu gaisuwa a bayanta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Yaya Bashir, abu ɗaya Umma ta ce in tambaye ka. Wa ya sa shi a kabari? Ko baƙi ne?"

Na ce, "Ni na shiga, da mutum biyu 'yan gida. Da hannuna na kwantar da shi, na juya fuskarsa alƙibla."

Na ji ta maimaita wa mahaifiyarta. Sai na ji muryar tsohuwar daga nesa tana cewa, "Alhamdu lillahi, ɗansa ne ya rufe shi." A nan ne ni na kasa riƙe kaina.

Ya Allah, ga bawanka Ilyasu ya zo gare ka daga ƙasar baƙunci, yana kan hanyar gida ka kira shi zuwa wanda ya fi. Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata masa makwancinsa, ka haskaka shi, ka sanyaya masa. Yadda ya tsaya wa marayu da mahaifiyarsu da gaskiya, ka tsaya masa ranar da babu mai tsayawa sai kai. Ka ba Hajiya haƙurin wannan rabuwa, ita da ta yi shekaru tana jiran dawowarsa. Ka shirya Hauwa da ƙannenta, ka raya jikokinsa bisa tafarkin da ya so musu. Mu kuma da muka rage a nan muna neman halali nesa da namu, ka sa mu cika da imani, ka haɗa mu da shi a Aljanna. Amin.